Kar ka sayi baka kafin ka je kulob, ni na yi na ga yadda ta kaya

Ƙannena masu son shiga kulob na harbin kwari da baka, alfarma ɗaya nake nema a wajenku tun ba mu yi nisa ba, don Allah ranar farko ku tafi hannu rabbana. Kar ku sayi baka, kar ku sayi kibiya, kar ma ku sayi kwarin da za ku zuba su. Kulob ɗin da yake karɓar sababbi yawanci yana da kayan aro, kuma waɗannan kayan da za ku gani ku raina, duk sun sha hannu fenti ya goge, su ne daidai ku a wannan lokacin.

Ni kam ban yi haka ba. Bidiyoyi na yi ta kallo a YouTube har na ji kamar na gama iyawa saura kawai in riƙe, na je na yi odar baka mai nauyin ja laba 40, wajen kilo 18 kenan, lissafina a lokacin shi ne ai ina ɗan ɗaga ƙarfe, kilo 18 me ye a ciki, da hannu ɗaya ma ina ɗaga abin da ya fi haka. Abin da ban gane ba shi ne ba ɗagawa za ka yi ka ajiye ba. Da yatsu uku za ka jawo tsirkiyar har fuskarka, ka tsaya cak a daidai wurin da bakan ya fi ƙarfi, kana numfashi a hankali kana saiti, jikinka bai motsa ba, sannan ka saki, kuma ba sau ɗaya ba, zagaye ɗaya na gasa kibiya 72 ake harbawa, ta ƙarshe kuma ana so ta fita kamar yadda ta farko ta fita. Wannan wani ƙarfi ne daban, a baya yake, tsakanin allunan kafaɗa, wurin da yawancinmu ba mu taɓa sa shi aiki ba.

Da na je kulob ɗin koci ya duba bakan nawa ya karanta lambar da ke jikinsa, bai ce komai ba ya je ya ɗauko wani mai laba 18 ya miƙo min. Na ce haba Malam, wannan ai na yara ne. Ya ce to ja naka ka riƙe, zan ƙirga goma. Wallahi kafin ya kai shida hannuna ya fara rawa, tsinin kibiyar sai zagaye yake a iska, wuyana ya ƙage, fuskata kuwa ban san yadda ta koma ba amma na ga wani yana danne dariya. Ya ce sauke a hankali kar ka saki. Na sauke. Duk da haka na kafe a kan da nawa zan koya tunda na riga na saya, shi kuma ya ƙyale ni bayan ya faɗa min gaskiya, mutum ne mara yawan magana. A gefena akwai wata dattijuwa da ɗan bakanta mara nauyi, ba ta sauri ba ta surutu, in aka je cire kibau nata duk a cure suke wuri ɗaya za ka iya kama su da hannu guda, nawa kuwa ɗaya na sama ɗaya na ƙasa ɗaya sai an shiga ciyawa nema.

To ga ɓarnar da baka mai nauyi yake yi wa sabon shiga, ku karanta nan da kyau don nan ne zancen yake. In abu ya fi ƙarfinka jiki ba ya ce maka a'a, dabara yake nemowa. Kafaɗar hannun da ke riƙe da bakan sai ta ɗago ta nufi kunne, ka jingina baya ba ka sani ba, ka koma ja da damtse maimakon baya, ka fara miƙa kanka gaba don ka taryi tsirkiya tunda jawo ta har fuska wahala ne. Mafi muni kuma, tunda ba ka iya riƙewa, da zarar ido ya hango rawayar da ke tsakiyar allon da ake harbi yatsu sun saki da kansu ba su jira umarninka ba. Wannan na ƙarshen shi ya fi cuta ta. Ciwon kafaɗa ya zo ya sa ni hutun dole ya tafi, amma sakin gaggawar nan ya zauna, ko bayan na haƙura na koma ƙaramin baka, bakan da zan iya riƙewa ina hira, da na jawo sai in ji kibiya ta tafi tun hannuna bai kai haɓa ba. Koci sai da ya cire takardar allon gaba ɗaya ya matso da ni kusa-kusa, ina harbin allo fari fat babu wurin da zan saita, wai don kwanyata ta manta da rawaya ta koma kan ja da saki. Ana cewa icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, ni nawa a karkace ya bushe, gyaran ya fi koyon daga farko cin lokaci nesa ba kusa ba, waɗanda muka fara tare da kayan aro duk suka wuce ni.

Babban mutum sabon shiga yawanci tsakanin laba 16 zuwa 24 ake fara masa, yara ƙasa da haka. Kuma ku sani lambar da ke jikin bakan an auna ta ne a ja na inci 28, in hannunka dogo ne kana wuce haka to nauyin da ke kan yatsunka ya fi abin da aka rubuta, kusan laba 2 a kowane inci. Ƙari ma kaɗan-kaɗan ake yi, laba 2 zuwa 4, shi ya sa in lokacin saye ya yi ku nemi irin wanda ake warewa gida uku, mariƙi a tsakiya da reshe biyu sama da ƙasa, in kun ƙara ƙarfi rassan kawai za ku canza ba duka bakan ba.

Akwai kuma abin da ba za ka sani ba sai an gwada ka, wato idon da ya fi rinjaye. Ba dole ba ne don kana rubutu da dama ya zama idon dama ne jagora. Miƙa hannuwanka biyu ka haɗa su ka bar ɗan rami a tsakiya, ka kalli wani abu mai nisa ta ramin ido biyu buɗe, sai ka jawo hannuwan a hankali zuwa fuska, idon da ramin ya sauka a kai shi ne. Baka kuwa akwai na dama akwai na hagu, ba a juya shi, in ka saya kafin a gwada ka kana iya sayen wanda ba naka ba. Haka tsawon kibiya, a nan ma ba maganar kuɗi ba ce kawai, kibiyar da ta yi maka gajarta in ka ja sosai tsininta yana iya zamewa ya faɗo ta bayan mariƙi, ka saki ta shiga hannunka. Sabon shiga gara a ba shi mai tsawo ta wuce da inci 1 ko 2, don jansa ƙaruwa yake yi yana koyo.

Fatar da ake ɗaurawa a damtse ma na raina ta, na ce zafi take sa ni. Tsirkiya ta zabga min ɗaya a cikin hannu wurin ya yi shuɗi ya yi kore ya daɗe bai baje ba, kuma abin haushi in ta dake ka sau ɗaya jikinka tsoro yake ɗauka, kana shirin saki kana janye hannu. Ku ɗaura kawai. Ku kuma sa a nuna muku yadda ake juya gwiwar hannu ta kalli gefe don hanyar tsirkiya ta buɗe, da yadda ba a damƙe mariƙi kamar za a ƙwace maka, jingina shi ake a tudun babban yatsa sauran yatsun a sake. Riga mai yalwar hannu, igiyar hular rigar sanyi, sarƙa, dogon gashi, mayafin da ke lilo a ƙirji, duk a kama su a ɗaure, tsirkiya ba ta zaɓe.

Sai maganar layi da usur, wanda a nan ne kaɗai na ga mutumin nan mara magana ya ɗaga murya. Busa 2 a zo kan layi, busa 1 a fara harbi, busa 3 a je a cire kibau, in kuwa ka ji ana ta busawa a jere to tsayawa ce ta gaggawa, ko ka ja har fuska sauke za ka yi, ka cire kibiyar ka mayar kwari. Ni kibiya ce ta suɓuce min ta faɗi ɗan gaba da layi, taku ɗaya kawai, na tsallaka in ɗauko mutane suna tsaka da harbi. Usur ɗin da ya tashi har yau ina jin sa, kowa ya sauke baka ya juyo yana kallona. Ya ce ɗan'uwa, ko zinare ne ya faɗi a gaban layin nan barinsa za ka yi sai an busa uku. Ba a ɗana kibiya sai a kan layi kana fuskantar allo, ba a ja baka ana ɗaga shi sama, in za a je allo tafiya ake ba gudu ba kuma ta gefe ake zuwa, don gindin kibau da ke tsaye a allo daidai tsayin ido suke. Wajen cirewa hannu ɗaya a dafe allo, ɗaya a kama kibiyar kusa da inda ta shiga, a waiga a tabbata ba kowa a baya kafin a fizgo.

Kar ku taɓa ja baka ku saki babu kibiya, ko da wasa, ko don gwaji. Ƙarfin da ya kamata kibiya ta ɗauka ta tafi da shi komawa yake cikin bakan, reshe na iya tsagewa tsirkiya na iya tsinkewa a fuskarka. Kuma bakan wani ba a ɗauka sai ya ce ɗauka, wasu sun yi wata da watanni suna daidaita nasu.

Kuskure na biyu mai girma bayan na nauyi shi ne kwaɗayin maki. Allon kala biyar ne, rawaya 10 da 9, ja 8 da 7, shuɗi 6 da 5, baƙi 4 da 3, fari 2 da 1, ni kuwa rawaya kawai nake gani. In kibiya ta tafi hagu in murɗa abin saitin da ke jikin bakan, ta gaba ta tafi sama in sake murɗawa, kafin a tashi na juya shi ya fi a ƙirga kuma ban san me ya gyaru me ya lalace ba. Abin saitin lafiyarsa ƙalau, ni ne kowane harbi da inda nake ajiye hannuna, yau a haɓa anjima a kumatu, tsirkiya wani lokaci ta taɓa hanci wani lokaci ba ta taɓa ba, ɗan bambancin da ba ka ji a fuska kuwa a allo tazara ce babba. Abin da ake nema a farko shi ne kibau su taru wuri ɗaya, ko a baƙi ne can ƙasa ta hagu ba komai, wanda ya tara shida a baƙi ya fi wanda ya sa ɗaya a 10 sauran suka watse, don na farkon murɗi ɗaya zai yi su koma tsakiya, kuma ƙa'idar mai sauƙi ce, inda kibau suka taru can kake bin su da abin saitin. Na biyun kuwa sa'a ce kawai ya taka. Ku sa wani ya ɗauke ku bidiyo ta gefe da ta baya, za ku sha mamaki, ni na rantse kafaɗata a ƙasa take sai da na gani a waya.

Nisa ma kar ku yi gaggawarsa. Abin da kuke gani a Olamfik mita 70 ne, faɗin allon santimita 122, zoben 10 ɗin kuwa santimita 12.2 kacal, kuma masu harbin nan shekaru suka yi a kai, ku duba matan Koriya ta Kudu da suka ci zinaren ƙungiya tun 1988 har Paris 2024 sau 10 a jere ba wanda ya karɓe, ba ƙarfin damtse ya ba su ba, maimaita abu ɗaya ne iri ɗaya har ya zama jiki. A cikin ɗaki mita 18 ake gasa, sabon shiga kuma ƙasa da haka ma ake fara masa, in an ajiye ka a mita 10 kar ka ji an raina ka. Wanda kuma yake ganin jikinsa ba zai iya ba ya nemi bidiyon Matt Stutzman na Amurka, ba shi da hannuwa, da ƙafa yake riƙe baka, ya ci zinare a gasar nakasassu ta Paris 2024.

Kafin ku biya kuɗin rajista ku je ku zauna ku kalli yadda suke yi. In kun ga ana harbi wani yana yawo a gaban layi, ko ba wanda ke riƙe da usur, ko an miƙa wa sabo baka an juya baya ana danna waya, ku nemi wani kulob ɗin ko da ya fi nisa. In kun samu mai kyau ku gwada kowane iri da suke da shi, da mai lanƙwasassun rassa irin na Olamfik, da mai ƴan tayoyi sama da ƙasa wanda nauyinsa ke raguwa in ka gama ja, da wanda ba abin saiti sam, ni sai daga baya na gano wannan na ƙarshen ya fi min daɗi bayan na riga na kashe kuɗi a wani. In dai hannu na ƙaiƙayi dole sai an sayi wani abu, to a sayi fatar yatsu daidai hannu, da ta damtse, da robar motsa jiki da za a riƙa gwada ja da ita a gaban madubi a gida. Kibau kuma in lokacinsu ya yi kuka ɗauki na kabon, duk wadda ta bugi ƙarfe ko dutse ku lanƙwasa ta kaɗan kusa da kunne kuna juyawa, in kun ji ƙas-ƙas ko kun ga tsaga ku cire ta daga kwari a take, kar a ce bari a ƙara harba ta sau ɗaya.