Yadda na haɗa kabad a cikin bas ɗina

Bas ɗina tsohuwar Hiace ce. Na cire kujerun baya don in samu wurin kwana da na ajiye kaya, ko kasuwanci ya kai ni Alkaleri da Gombe, ko na ɗebi iyali zuwa Yankari. Gado bai ba ni wuya ba. Kabad ne ya ci lokaci, domin na ɗaki yana zaune lafiya a inda aka ajiye shi, na mota kuwa kullum cikin jijjiga yake.

A kasuwar katako ta Bauchi masu shago sun so in ɗauki MDF, wato allon da ake yi da garin katako da gam, saboda sulɓinsa. Ban ɗauka ba. Yana da nauyi, da ruwa ya taɓa bakinsa sai ya kumbura, kuma sukuru ba ya daɗewa a jikinsa idan ana bin gargada. Filawud na saya, falle mai ƙafa 8 da ƙafa 4: mai kaurin milimita 12 na jiki da ƙofofi, mai 6 na baya. Mai 18 da kafintoci suka saba da shi ɓarnar mai ne kawai a mota.

Jikin bas ba miƙaƙƙe ba ne, yana lanƙwasa yayin da ya yi sama, don haka tef kaɗai ba ya ba da awo. Kwali na riƙa jinginawa ina ragewa da almakashi har ya kwanta daidai, sannan na zana shi a kan katakon. Wani dattijon kafinta a unguwarmu ne ya yi yankan, yana ta mamakin yadda na hana shi buga ƙusa ko ɗaya. Na ce, "Baba, hanyar Dindima za ta zare ta." Gam da sukuru muka sa a kowace mahaɗa. Wajen kafewa kuma na nemi ƙarafan da ke riƙe da jikin motar na ɗaure da bol da noti, na sa yankin robar tsohuwar taya a tsakani don kada ƙara ta dame mu. Kabad mai nauyi yana ƙasa, gaban tayoyin baya; na sama tufafi kaɗai yake ɗauka.

Inda aikin ya fi neman haƙuri shi ne shafe. Na yi shi da hunturu, lokacin da ƙura ke sauka a kan komai. Banish ɗanye yana kama ta, gobe ka shafa hannu ka ji kamar tsakuwa a shinkafa. Sai na koma shafawa da sassafe a cikin gareji, bayan na yayyafa ruwa a ƙasa. Samfefa mai lamba 120 na fara gogawa, sannan 180, tsakanin shafi da shafi kuma 240 sama-sama. Ciki da waje duka na shafe, musamman bakin filawud, don ta nan danshi ke shiga. Fomeka ban liƙa ba. Motar da ta wuni a rufe cikin ranar Afrilu ta isa ta sassauta gam ɗin da ke riƙe da ita.

Yanayin ya shafi ƙofofi ma. Katakon da aka yanka da rani yana ɗan kumbura idan damina ta sauka, shi ya sa na bar ratar milimita 3 a kewayen kowace. A watan Agusta sun ɗan matse, amma suna buɗuwa.

Maganaɗisun da ake sa wa kabad ɗin kicin ba ya riƙe ƙofa a rami ko birki. Sakata ƙanana na sa, har a durowa. A sansanin Wikki da ke Yankari sun yi wani amfanin da ban lissafa ba, don birai can ba su da kunya, mota a buɗe gayyata ce a wurinsu.

Tukunyar gas tana da nata ɗakin daban kusa da ƙofar baya, a ɗaure da bel. Na huda rami a ƙasansa har waje, saboda gas ya fi iska nauyi, idan ya tsiyaya ƙasa yake bi.