Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Jirgin da Zan Iya Tayarwa Ni Kaɗai

A makon jiya na tsaya a inda na bar aikin fiton kaya a tashar jiragen ruwa ta Kwatano na dawo Yamai. Iyalina sun ɗauka na baro teku a can. Ni kuwa duk yamma sai in tsinci kaina a bakin kogin Isa, ƙasan gadar Kennedy, ina kallon yadda iskar hunturu ke shafar ruwa, ba wanda ke amfani da ita. Masu kwale-kwale na ta fama da gora da filafili, masu hali sun ɗaura inji. A Kwatano na koyi tuƙa jirgin da iska ke kaɗawa, irin mai ciki biyu da ake kira katamaran, kuma raina bai bar shi ba.

Mutumin da na fara yi wa maganar wani tsohon masunci Basarke ne da ke gyaran koma a gindin bishiya. Na zana masa jirgin a kan yashi: kwale-kwale biyu sirara a jere, ƙarafa biyu sun haɗa su, an shimfiɗa tampol a tsakani, ga doguwar sanda mai ɗauke da zanen iska. Ya daɗe yana duban zanen, sannan ya ce, "Ɗana, in ya kife, wa zai tayar maka?" Na ce, "Baba, ai ba ya saurin kifewa, faɗi gare shi." Ya ce, "Ban tambaye ka saurinsa ba." Ya koma kan komarsa.

Tambayar nan na tafi da ita Kwatano, wurin wani mutum da ke son rabuwa da jirage biyu, dukansu ƙirar Hobie Cat. Ɗaya Hobie 16, tsawonsa ya ɗan haura mita 5, nauyinsa wajen kilo 145, zane biyu gare shi. Ɗayan Hobie 14, mita 4 da ɗoriya, zane ɗaya, shi ne wanda Hobie Alter ya fara fitarwa a Kalifoniya a 1968. Gaskiya zuciyata na kan babban. A kansa na koya, na san gudunsa, na san daɗin da ake ji idan ciki ɗaya ya ɗaga sama. Amma jirgin mutum biyu ne, ni kuma ba ni da na biyu.

Na roƙi mai jirgin mu kifar da su da gangan a ruwa mai kwanciya. Muka fara da babban. Na kwance igiyar zane, na juya kan sandar wajen iska, na hau cikin da ke cikin ruwa, na wurga igiya ta saman wanda ke sama, na jingina baya da duk ƙarfina. Kilo 68 gare ni a lokacin. Kan sandar ya ɗan leƙo daga ruwa ya koma. Na sake, igiyar ta ci tafin hannuna har ya yi ja, cinyoyina na rawa, jirgin ko gezau. Sai da mutumin ya kama igiyar tare da ni ya miƙe. Ƙaramin kuwa, a ja na biyu na ga ruwa na tsiyaya daga zanen, sandar na tashi a hankali, sai ga shi ya faɗo daram a kan cikinsa biyu, ina riƙe da ƙarfen gaba. A cikin ruwan nan na gama shawara.

Yana da aibinsa, ba zan ɓoye ba. Katamaran mai zane ɗaya yana da taurin kai wajen juyawa ta fuskar iska, yakan tsaya cak ya fara ja da baya. Abin da ya kwantar mini da hankali shi ne zaman koginmu. A Yamai ruwa na gangarowa ne daga arewa maso yamma zuwa kudu maso gabas, hunturu kuma na busowa daga arewa maso gabas, wato ta gefe take bugun jirgi, ko hawa kake ko gangara. Kuma lokacin ne ruwan Gini ke isowa, kogi ya cika a Disamba da Janairu. Ga shi ba shi da allon da ke nutsewa ƙasa, don haka tudun yashin bazara ba zai karya mini komai ba.

Na bi cikin biyu da tafin hannu ina dannawa, ina neman inda ya yi laushi, na buɗe matosan baya na ga ruwan da ya fito bai cika kofi ba. Muka kwance shi gunduwa-gunduwa, muka ɗora a kan motar wani direba ɗan Dosso da zai bi ta Malanbil da Gaya. Ya zagaya kayan sau biyu ya ce, "Alhaji, jirgi ɗaya ka ce, ni biyu nake gani."

Mako mai zuwa in Allah Ya kai mu zan ba ku labarin ranar da na saka shi a ruwa, da abin da tsohon nan ya ce.