Sati na biyar da batir da mita: ashe boltej ba a cikin waya ɗaya yake zaune ba

Salam 'yan uwa masu koyo. Kwana biyu kun ji ni shiru, ba dainawa nai ba, ɗinkin biki ne ya taru mani a shago, sai bayan isha'i nike samu in jawo kwalin kayan nan nawa in zauna ƙofar gida nan Ƙofar Ƙaura in ɗan taɓa kafin barci ya kwashe ni. Bari in fara da asarar da nai tukunna: ƙananan ƙwayayen LED guda 3 da fis ɗin mita guda 1, mitar awon wutar lantarki nike nufi.

Na ƙwayayen dai ganganci ne. Na ɗauki jan LED na manna ƙafafunshi kai tsaye bisa batir mai bolt 9, wannan mai kusurwa huɗun, ya yi wani haske fau sau ɗaya sai ɗan wari, shikenan. Nace ƙila dama matacce aka saida mani, na sa na biyu. Na ukun kam taurin kai ne kawai. Shi ko fis, na juya mita wajen awon karant, wato yawan wutar da ke gudu cikin waya, sannan na taɓa bakin batir ɗin duka biyu da ita kamar mai awon boltej, ashe in mita na wannan wajen cikinta kusan waya ce miƙaƙƙa, kenan haɗe batir nai da kanshi.

Da fis ɗin ne na tafi wajen wani dattijo mai gyaran rediyo a kasuwa, kuma abin da ya faru can shi ya sa nike wannan rubutun. Yana canza mani fis nace Baba, ni fa har yanzu ban gane boltej ɗin nan ba, a cikin batir yake ko a cikin waya. Bai ce komai ba, ya miƙo mani mitarshi yace ɗana sa jan tsinken kaɗai kan filas, bar baƙin a iska. Na sa. Ba wata lamba ta kirki, sai ɗan rawa take kusa da sifili. Yace to sa baƙin kan mainas. 9.4 ta fito. Sai yace tunda kai tela ne, in mutum ya shigo yace auna mani tsawo, ƙarshen tef ɗaya kake riƙewa? Nace a'a Baba, sai na san daga ina zuwa ina, kafaɗa zuwa gwiwa ko kafaɗa zuwa ƙasa. Yace to haka abin yake, je ka.

Wallahi tun daga kasuwa har gida ina bisa mashin ina juya maganar nan. Boltej bambanci ne tsakanin wuri biyu, shi ya sa mita ke da tsinke biyu. Kamar tankin ruwa ne bisa gini, ruwan na zubowa da ƙarfi don akwai tazara tsakanin sama da ƙasa, in ka sauke tankin ka aje shi daidai da bakin famfo, ruwan na nan cike amma ba abin da zai turo shi. Kuma nan ne na samu amsar tambayar da nike yi tun ina yaro, me ya sa kurciya ke sauka bisa wayar wuta tai ta kukanta lafiya lau. Ƙafafunta duka biyu waya ɗaya suka taka, kusan babu bambanci tsakaninsu, wuta ba ta da dalilin ratsa jikinta. Ranar da ta taɓa waya biyu lokaci ɗaya sai dai wata kurciyar.

Da na dawo na sake haɗin, wannan karon da resista, ɗan abin nan da ke rage ƙarfin gudun karant. Lissafin ba wuya in ka daina tsoronshi. Jan LED wajen bolt 2 yake ci, kuma bai son karant ya wuce miliamfiya 20. Batir na bada 9, saura 7 kenan da dole wani ya shanye, to resista ke shanyewa. Dokar Ohm, Bajamushen nan da ya fitar da ita a 1827, cewa tai boltej daidai yake da karant sau resistan, wato yadda abu ke tare wuta, sai ka raba 7 da 0.02 (miliamfiya 20 kenan in ka maida shi amfiya) ka samu om 350, om shine ma'aunin resistan. Ban da mai 350, na sa mai 470, wanda zanenshi ruwan ɗorawa, shuɗi mai ja-ja, sai ruwan ƙasa. Ya kama, kuma har yanzu da ranshi.

Amma daɗin ba a kamawar yake ba, a awon yake. Yana kunne na auna ƙafafun LED, 1.9. Na auna gefe da gefen resista, 7.4. Na auna bakin batir, 9.3. Ku haɗa na farko da na biyu ku gani. Abin da batir ya ɗaga, su biyun suka raba shi tas ba canji, kamar ka hau bene da tsani ɗaya ka sauko da matakala biyu. Na raba 7.4 da 470 ya ba ni kusan miliamfiya 16, na tsinke haɗin na sa mita a tsakiya (haka ake awon karant, a cikin layi, kar wanda ya ƙara kashe fis irin nawa) ta nuna 15 da ɗoriya. Na yi shewa har maiɗakina ta leƙo ko lafiya.

Sai maganar da littafi ke kira filin lantarki, wadda da nike tsallakewa don ina ganin surutu ne na 'yan makaranta. Hunturu ya koya mani ita. Duk tela a Katsina ya san yadda yadi mai roba ke yi lokacin nan, kana warware shi yana ƙas ƙas yana manne maka a hannu, guntayen zare na bin shi. Na goga matajin roba a kaina na kawo shi kusa da guntayen zare bisa tebur, tun kafin ya taɓa su suka miƙe tsaye, kowane ya nuna matajin da kai. Ba abin da ke tsakaninsu sai iska amma akwai ja, kuma jan yana da wajen da ya dosa, yana ƙaruwa in ka matso. Wannan shine filin. Faraday na Ingila layuka ya riƙa zanawa don nuna shi, ni ko zare ya zana mani. Ku gwada da buta ma, ku tsiyayo ruwa siriri sosai ku kawo matajin kusa, zaku ga ruwan ya lanƙwaso. Da damina abin ba ya yi sosai don laima na kwashe cajin.

Ana auna filin da bolt a kowace mita, mitar tsawo nike nufi ba mitar awo ba, nima sai da suka rikita ni. Na sa tef tsakanin bakin batir ɗin nan biyu, rabin inci ne, in ka lissafa wajen bolt 700 kenan a mita. Ita ko busasshiyar iska sai an kai wajen bolt miliyan 3 a mita kafin ta bari tartsatsi ya ratsa ta, wato bolt 3,000 a milimita ɗaya, kaurin allurar keke lamba 16. To ɗan tartsatsin nan da ke tsalle daga yatsanka zuwa ƙofar mota da hunturu, dubban bolt ne, amma cajin ɗan mitsitsi ne, nan take ya ƙare, sai dai kace wash. Ita ko bolt 230 ɗin soket ba ta ƙarewa, turowa take ta yi. Don haka ni dai ban kai can ba, Baba ma yace kar ya ji na buɗe soket ko inbata, batir ya ishe ni shekara guda.

Jiya da aka ɗauke wuta na gwada haɗa batir da lemun tsami don yara. Ƙusar rufin kwano gefe ɗaya, guntun wayar tagulla gefe ɗaya, lemo ɗaya ya ba ni 0.9. Na jera uku, tagullar wannan zuwa ƙusar wancan, 2.6. Kusan abin da Volta ɗan Italiya yai kenan a 1800, shi faifan tutiya da na tagulla ya jera da tsumma mai ruwan gishiri a tsakani, daga sunanshi aka samo bolt ɗin ma. LED ɗin ya kama amma ɗan ja ne dishi dishi, sai ka dunƙule hannu ka leƙa, kuma yana kamawa lambar mita ta faɗo, lemo na da boltej amma ba ya iya turo karant mai yawa. Ɗiyata ƙarama ta tambaya ko za a iya cajin waya da shi, nace sai dai mu sayi buhu, shima ban yi alkawari ba. Lemun na zubar, kar wanda ya sha bayan ƙusa ta kwana ciki.

Sati mai zuwa LED biyu zan haɗa, sau ɗaya a jere sau ɗaya kafaɗa da kafaɗa, in auna kowane. Saura jajaye 4 gare ni da fari 1, farin wajen bolt 3 yake ci, sai na sake lissafin resistanshi tukunna.