Tsufan fim ba shaida ba ne

A ƙananan kamfanonin nan na Kano da ke ɗora muryar Hausa a kan fina-finan ƙasashen waje suna sakawa a YouTube, babu teburin da aka raina kamar na mai binciken haƙƙin mallaka, domin shi kaɗai ne aikinsa ya ce a dakata alhali kowa na sauri. A wannan tebur na zauna har na ajiye aiki, kuma abin da zan rubuta domin wanda zai gaje ni ne.

Manajanmu ya kawo wani fim ɗin Indiya na shekarun 1950, irin waɗanda dattawanmu suka kalla a sinimar Rex da Palace, ya ce a fassara shi kafin Sallah. Hujjarsa ita ce fim ɗin baƙi da fari ne kuma duk 'yan wasansa sun mutu, saboda haka ya zama na kowa. Na ce masa, "Ranka ya daɗe, a ba ni lokaci in duba." Ya ce, "Malam, fim ɗin da kakana ya kalla, wa ya rage da zai biyo mu?"

Na duba, na kuma rubuta masa takarda. A dokar Indiya ta 1957 kariyar fim tana ƙarewa ne bayan shekara 60 da fitowarsa, don haka a can hoton ya fita daga hannun masu shi. Amma fim ba abu guda ba ne. Waƙoƙi da kiɗan da ke ciki suna da nasu wa'adin, wato shekara 60 bayan rasuwar wanda ya tsara su. Mai tsara kiɗa kamar Naushad, wanda ya rasu a 2006, ayyukansa suna da kariya a Indiya har ƙarshen 2066, kuma kowa ya san fim ɗin Indiya da aka cire wa waƙa miya ce babu gishiri. Sannan ga Amurka, inda YouTube yake: wata dokar 1994 ta maido wa ayyukan ƙasashen waje da dama kariyarsu daga farkon 1996, ta yadda fim ɗin da ya fito a 1957 zai iya kasancewa a kulle a can tsawon shekara 95, har ƙarshen 2052. Takardar ta kwana a teburinsa a ƙarƙashin kofin shayi, kuma da na ɗauko ta daga baya, zoben gindin kofin yana daidai kan layin da na ja wa jan biro.

An saki fim ɗin kashi-kashi, masu haƙƙin waƙoƙin suka shigar da ƙorafi, tashar ta sami gargaɗi biyu, saura na uku a rufe ta da duk abin da aka tara a cikinta. A taron da aka kira gaban Alhaji mai kamfani, manajan ya ce sashen bincike bai sanar da shi komai ba, kuma daga albashina aka cire kuɗin masu fassara. Ban ɗaga murya ba, domin a gidan nan ƙarami ba ya ƙaryata babba a gaban mutane, amma shawarata ga magajina ita ce ya riƙa aika kowane gargaɗi ta imel, ya kuma sanya Alhaji a ciki.

Dokar Amurka ce ta fi cin lokaci, kuma ita ya kamata a fara ƙwarewa a kanta. Fim ɗin da ya cika shekara 95 ya fita, shi ya sa zanen Mickey Mouse na farko, na 1928, ya zama na kowa a ranar 1 ga Janairun 2024. Fim ɗin Amurka da ya fito kafin 1964 kuwa sai an sabunta rajistarsa a shekara ta 28, in ba a yi ba ya kuɓuce. Sabuntawar da aka yi daga 1978 tana nan a rumbun intanet na ofishin haƙƙin mallakar ƙasar, ta kafin nan kuma sai an bi tsofaffin kundayen rajista shafi-shafi, ana neman sunan fim da na kamfani. Ko an tarar ba a sabunta ba, aiki bai ƙare ba. Fim ɗin It's a Wonderful Life na 1946 ya kuɓuce a 1974, gidajen talabijin suka yi ta nuna shi kyauta, sai a 1993 wani kamfani ya dawo da shi hannunsa ta hanyar haƙƙin gajeren labarin da aka gina fim ɗin a kai da kuma na kiɗansa.

Sauran darussan ba su buƙatar dogon bayani. Rubutun da wani ya maƙala wa fim a Internet Archive, shafin intanet da ake adana tsofaffin fina-finai da littattafai, cewa na kowa ne ra'ayin wanda ya ɗora shi ne kawai. Takardar hukumar tace fina-finai izinin nunawa ce ta fuskar tarbiyya, ba lasisin mai haƙƙi ba ce. Kwafin da aka gyara, aka sa masa launi ko sabon kiɗa, yakan zo da sabon mai iƙirari.

Namu na gida ma haka abin yake. Dokar haƙƙin mallaka ta Nijeriya ta 2022 ta ba fim shekara 50, littafi da waƙa kuwa shekara 70 bayan rasuwar mai su. Fim ɗin Shaihu Umar da Adamu Halilu ya shirya a 1976 wa'adinsa ƙarshen 2026 ne, amma littafin da aka ɗauko shi daga ciki na Abubakar Tafawa Ɓalewa ne, wanda ya rasu a 1966, don haka lissafin labarin ya kai ƙarshen 2036. Na ji ana ta maganar ɗora shi a tashar, kuma wannan lissafin yana cikin fayil na ƙarshe da na bari a kwamfutar ofis.