Ƙugiyar ƙ ta ci min naira 18,000, amma jiya ta fito

Jiya bayan la'asar na karɓo bugu na uku na katunan wasan da nake zanawa daga wajen mai firintin, kuma ban iya haƙuri na isa gida ba. A bakin shagon na tsaya, na zaro fallen, na kunna kyamarar waya na jawo rubutun kusa. Ƙugiyar ƙ ta fito tsaf, ga ɗan farin fili tsakaninta da hannun harafin, daidai yadda nake so. Na yi hamdala da ƙarfi har yaron shagon ya waiwayo. Sati bakwai ke nan ina fama da abin da bai kai ƙwayar gero girma ba, don haka 'yan uwa masu koyon zane, ku yi haƙuri da ni yau, zan yi dogon bayani a kansa.

Ga waɗanda ba su san inda na kwana ba: kati 32 na zaɓa daga Magic: The Gathering, wasan katin da Richard Garfield ya ƙirƙira, kamfanin Wizards of the Coast ya fitar a Amurka a 1993. Ina sake musu fasali ne don koyon aiki kawai, ba na sayarwa ba ne. Girman na bar shi yadda yake, milimita 63 da 88, don su shiga ledar kati ta yau da kullum. Firam nawa ne, alamomi nawa ne, rubutun kuma gaba ɗaya da Hausa. A gurbin hoto inuwar siffa kawai nake sawa, tunda hannuna bai kai can ba tukuna.

Firam ɗin bai wahalar da ni ba. Shuɗin na ɗauko shi daga hoton wani yadi da aka rina a marinar Ƙofar Mata, jan daga jar fatar akuyar Sakkwato, farin kuma na yi masa gefe da irin zanen bangon tsofaffin gidajen Zariya. Kwana goma sha biyu na gama launuka biyar na wasan a manhajar zane ta Inkscape. A tsarina, bayan firam sai rubutu, sai bayan kati, sai kwalin zubawa. Yanzu dai ban ma san a wane mataki nake ba, domin rubutun ya haɗiye komai, har firam ɗin da na ce na gama sai da na koma na faɗaɗa masa akwatin bayani sau biyu.

Wajen bayanin doka na yi amfani da salon haruffa mai suna Charis na ƙungiyar SIL, wanda yake da haruffanmu duka, manya da ƙanana. Nan babu matsalar rashin harafi. Matsalar daga sunan kati ta taso. Magic suna da nasu salon haruffa mai suna Beleren, wanda suka fara sawa a 2014, amma nasu ne, ban taɓa shi ba. Na samo wani na kyauta mai kauri da kaifin baki, wanda ya dace da firam ɗina kamar don shi aka yi. Ashe ba shi da ɓ, ba shi da ɗ, ba shi da ƙ. Kuma kwamfuta ba ta faɗa maka. Idan ta nemi harafi ta rasa, sai ta aro daga wani salon ta cusa shiru. A allo na lura Ƙ ɗin ta ɗan rame fiye da 'yan uwanta, na ce ba komai, a takarda ba za a gani ba.

Na kai fayil ɗin shago ban mayar da rubutun zane ba, wato yadda zai fito ko babu salon a injinsu, ban kuma nemi a buga min gwaji ba. Su kuma a manhajar CorelDRAW suka buɗe, injinsu ba shi da salon nawa ko ɗaya. Da na je karɓa, duk inda harafi mai ƙugiya yake sai wani fankon akwati. Katunan da ke ɗauke da kalmar Ƙasa duka sun zama akwati da "asa" a gabansa. Falle biyu na A3, kati 16 a kowanne, gaba da baya, takarda mai nauyin giram 300, har da laminatin: naira 9,000. Laifina ne, ban yi musu da kowa ba, amma ranar ko abincin dare ban iya ci ba.

Da na huce sai na duba lasisin salon, na ga yana ƙarƙashin lasisin kyauta na OFL, wato an yarda ka gyara shi, sai dai ka canza masa suna idan mai shi ya keɓe sunan. Na sauke FontForge, manhajar zana haruffa, na fara koyonta daga tushe. Haruffa shida nake buƙata: ɓ, ɗ, ƙ da manyansu. Ƴ ban yi ta ba, tunda 'y nake rubutawa irin na Najeriya, amma idan wani daga Nijar yana son fayil ɗin zan ƙara masa.

Dabarar da ta fara yi min aiki ita ce aron kan harafin f. Shi ma ai sanda ce da ta lanƙwasa dama a sama, kuma mai salon ya riga ya yi mata kaurin da ya dace da sauran. Na yanke kan f na ɗora a sandar b, nan take ɓ ta zauna. Ɗ ƙarama ta fi gardama. Sandarta a dama take, don haka ƙugiyar sai ta leƙa gidan harafin da ke binta. A "ɗauki" lafiya lau, tunda a gajere ne, ƙugiyar ta yi masa rumfa. Amma a "faɗi" da "haɗi" sai ta yi karo da ɗigon i, su manne su zama dunƙule ɗaya. Dare biyu na yi ina matsar da tazarar ɗ da i kaɗan kaɗan, in na buɗa da yawa kalmar ta rabu biyu, in na matse su haɗe. Daga ƙarshe sai da na gajarta ƙugiyar ɗ ta fi ta ɓ gajarta. Da farko abin ya dame ni don ina son su zama iri ɗaya, amma ido ba ya ganin bambancin, karon ne yake gani. Manyan kuma kowa da halinsa: Ɓ da Ɗ ƙugiyarsu hagu take kallo, Ƙ kuwa a hannunta na sama na dama take. Wannan Ƙ ɗin na zana ta ya fi sau ashirin kafin ta daina kama da R mai karyayyen wuya.

Bugu na biyu na tafi da ƙwarin gwiwa. Na mayar da komai zane, na bar rarar milimita 3 a kowane gefe don yanka, na fitar da PDF. Sunayen sun yi kyau ƙwarai, "Girman Ƙato", wato fassarata ta Giant Growth, har yanzu shi na fi so. Wata naira 9,000 ɗin. Na yanka da reza da rular ƙarfe, na kira ƙanena muka zauna a tabarma bayan isha'i don gwadawa.

A hannu na uku ya tsaya yana kallon wani kati, ya kai shi kusa da fitila. Abin da na rubuta shi ne: "Idan wannan halitta ta kare, ɗauki kati ɗaya." Wato idan ta tsaya ta kare hari. Ya ce, "Yaya, kare ne ko ƙare? In ta tare ne zan ɗauka, ko sai ta mutu?" Na ce ai ga shi nan k ce. Ya miƙo min wani katin mai "har ƙarshen zagaye" ya ce to wannan fa? Na duba. A ƙaramin rubutun, ƙugiyar ta cushe da hannun harafin, ta zama wani ɗan kumburi a saman sanda. Ba ka iya rantsuwa ƙ ce, ba ka iya rantsuwa k ce da tawada ta yi wa yawa. Kuma abin da ya fi tsaya min a rai, tunda ya daina yarda da ƙ ɗin, sai ya daina yarda da k ma, ko da lafiyarta ƙalau.

Na san wasunku za su ce ai kullum muna rubutu a waya babu ƙugiya kuma muna fahimtar juna. Gaskiya ne, amma a hira zancen gaba da na baya ne suke ceton ka. Kati ba shi da wannan. Kalma takwas ce ko goma, kowacce doka ce, kuma mutum biyu da kowa ke son ya ci wasa ne suke karanta ta. A nan na gane abin da ya sa masu wasan suka canza firam a 2003, suka koma rubuta sunan kati da baƙi a kan fili mai haske. A da ina ganin tsohon ya fi kyau, har yanzu ma ina ganin haka, amma wanda ke zaune a ɗaya gefen tebur yana hango kati a juye ba kyau yake nema ba.

Sati biyu na yi ina zargin haruffan. Na ƙara girman rubutun daga 7.5 zuwa 8.5, sai bayanin ya cika akwati ya zubo, domin Hausa ta fi Turanci cin wuri a irin wannan rubutu. Na koma na datse kalmomi. Na gwada Gentium a madadin Charis. A firintar gida, baƙi da fari, kati tara a A4, komai fes yake fitowa, ko a 7.5 ɗin. Wannan ya ƙara rikita ni: ta yaya ƙaramar firinta za ta fi babban inji?

Na kwashi bugun gida da na shago na koma shagon. Na yi sa'a na tarar da wani dattijo da ke zuwa duba musu inji, wanda aka ce ya daɗe yana aikin ɗab'i. Na gaishe shi na ce, "Baba, don Allah duba min wannan." Ya ciro wani ɗan gilashin ƙara girma daga aljihun gaba, ya ɗora a kan kalmar "ƙarshen", ya ɗan jima, sannan ya ce, "Zo ka gani, yaro. Baƙinka ba baƙi ba ne." Na sa ido. A gefen kowane harafi akwai siririn ja ta wannan ɓangare, siririn shuɗi ta wancan. Ya ce fayil ɗina da launin allo ya zo, injin kuma da ya juya shi sai ya haɗa baƙin da tawada huɗu, shuɗi da ja da rawaya da baƙi, ɗaya kan ɗaya. Kowacce ta ɗan goce da abin da bai kai gashi ba. A babban rubutu ba a gani, amma a filin da ke ƙarƙashin ƙugiyar ƙ, wannan gocewar ta isa ta toshe shi. Firintar gida kuwa tawada ɗaya gare ta, shi ya sa ba ta da abin gocewa. Rashin sani ya fi dare duhu. Sati biyu ina gyaran abin da ba shi da laifi.

Inkscape da launin allo yake fitar da PDF, don haka na kwashe aikin rubutun gaba ɗaya na kai manhajar Scribus. Firam ɗin na shigar da shi a matsayin hoto, piksel 815 da 1110 a dpi 300, har da rara. Rubutun doka kuma na sake jera shi kati bayan kati, na ba shi baƙi zalla, K 100, sauran ukun sifili. Na kuma sauƙaƙa launin da ke bayan rubutun, na cire zanen saƙar da na shimfiɗa a akwatin bayani, duk da na sha wahalar yin sa kuma ina son sa. Girman na tsaya a 8. Wannan karon na ce a buga min falle ɗaya tukuna, na kuma roƙi kada a buɗe fayil ɗin a wata manhaja, a tura shi injin yadda yake. Shi ne wanda na tsaya dubawa a bakin shago jiya.

Da daddare na ba ƙanena katin nan dai ban ce masa komai ba. Ya karanta, ya ajiye, ya ci gaba da wasa. Duk da haka na canza kalmar, yanzu "ta tare hari" na sa, don ko da wata rana wani ya buga a injin da bai kai wannan ba.

Saura kusurwoyi. Na katin asali zagayayyu ne, kusan milimita 3, nawa kuma da almakashi nake bi, babu biyu da suka zo ɗaya, har na ɓata huɗu. Idan akwai wanda ya san inda ake samun ɗan abin matse kusurwa mai wannan girman a Kano, ya taimaka min. Sannan har yanzu na rasa sunan da zan ba katin Shivan Dragon. Na sa "dodo" na cire ya fi sau biyar, domin dodon da muka taso da jin labarinsa ba ya tashi sama, ba ya kuma feso wuta, shi kuwa wannan katin duk ƙarfinsa a nan yake. Gurbin sunansa a fayil ɗin har yanzu fanko ne.