Daren da na hau Dutsen Annabi Adamu a Siri Lanka

Yayana ɗan kasuwa ne a kasuwar Singa ta Kano, ganyen shayi yake sarowa, kuma ya daɗe yana cewa wata rana sai ya je ya ga inda ake noma abin da yake ci da iyalinsa da shi. Da tafiyar ta tashi sai ya ce in raka shi, tunda ni ne mai ɗan Turanci a gidan. Ni kuma ina da tawa manufar da ban faɗa masa ba sai a cikin jirgi. Tun ina makarantar allo nake jin labarin Sarandib, tsibirin da aka ce a nan Annabi Adamu ya sauka bayan fitowarsa daga Aljanna, har aka ce sawun ƙafarsa yana nan a kan wani dutse. Sarandib ɗin nan ita ce Siri Lanka, wadda Turawa suka kira Silon har zuwa 1972.

Kuskurena na farko tun a Kano na yi shi, da taswira a hannu. Na ga ƙasar gaba ɗaya murabba'in kilomita 65,610 ce, ba ta ma kai jihar Neja girma ba, sai na zauna na tsara mana wurare goma sha ɗaya a kwana goma. Yaya ya duba takardar ya ce, “Kai dai ka sani, ni shayi ya kai ni.” Ban san cewa a can ba a auna tafiya da kilomita ba. Daga Kolombo zuwa Kandi bai kai nisan Kano zuwa Zariya ba, amma mun shafe kusan awa huɗu a mota, saboda hanyar sai lanƙwasa take tana hawa, ga bas-bas, ga adaidaita sahu da suke kira tuk-tuk kamar an zubo su daga buhu.

A Kolombo, unguwar Pettah muka sauka, wadda in ka rufe ido ka saurari hayaniyarta za ka rantse a Kwari kake. A tsakiyarta akwai masallacin Jami'ul Alfar, ginin 1909, mai zanen ja da fari tun daga ƙasa har hasumiya. Musulmi kusan kashi goma cikin ɗari ne na mutanen ƙasar, don haka abincin halal bai ba mu wahala ba a garuruwa. Abin da ya rikita ni shi ne alƙibla. Mu da muka tashi muna cewa “fuskanci gabas” in ana nufin salla, sai ga mu muna kallon yamma, da ɗan karkata zuwa arewa. A ɗakin masauki sau biyu Yaya yana shimfiɗa darduma yana ba Makka baya kafin ya saba. Abincinsu shinkafa ce da miya iri-iri a ƙananan kwanuka, kusan kowace da madarar kwakwa, kuma yajinsu ya sa na daina yi wa Yarabawa tsiya. Da dare kuwa sai kottu, wato gurasa da ake daddatsawa a kan faranti mai zafi da nama da ƙwai. Tun daga nesa ƙarar ƙarafan masu datsawar ke sanar da kai inda suke.

A Kandi muka shiga wurin bautar da mabiya Buddha suke ajiye abin da suka yi imani haƙorinsa ne. Garin shi ne masarauta ta ƙarshe da ta rage a tsibirin kafin Turawan Ingila su karɓe ta a 1815, kuma a da wanda haƙorin ke hannunsa shi ake ɗauka a matsayin mai haƙƙin sarauta. A bakin ƙofa aka ce mu cire takalmi, wannan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Sai mai gadi ya nuna kan Yaya. A can cire hula shi ne girmamawa, mu kuwa dattijo ya tsaya gaban jama'a kai ba hula ai tsiraici ne. Ya yi jim, ya cire zannarsa ya cusa a aljihu, bai ƙara cewa uffan ba har muka fito. Wata doka da ya kamata baƙo ya riƙe ita ce ba a juya wa gunkin Buddha baya don ɗaukar hoto, kuma ba da wasa suke faɗa ba.

Sigiriya kwana ɗaya muka ba ta. Dutse ne guda, tsaye cak a tsakiyar daji, tsayinsa ya kusa mita 200, wanda Sarki Kashyapa ya gina fada a kansa a ƙarni na 5 bayan ya kashe mahaifinsa ya ƙwace mulki. Ana bi ta tsakanin wasu manyan daguna biyu na zaki da aka gina da bulo kafin a kama matakalar ƙarfe ta ƙarshe, inda alluna ke gargaɗin a yi shiru saboda zirnaƙo. Wurin ya cancanci kuɗinsa, duk da cewa tikitin baƙo ya ninka na ɗan ƙasa sau da yawa. Sai dai hawansa kwana biyu kafin babban hawan da ke gabana wauta ce, kuma na biya.

Jirgin ƙasan da ya ɗauke mu daga Kandi zuwa Hatton ba ya sauri, kuma ban so ya yi ba. Ƙofofi a buɗe, hazo na shigowa, duwatsu sun lulluɓe da shayi kamar an shimfiɗa koren kilishi. Nan Yaya ya farfaɗo. A wata masana'anta da muka shiga aka ba mu tarihin: a da kofi ake nomawa a waɗannan tsaunuka, sai wata cuta ta faɗa masa daga 1869 ta gama da shi. Shekara biyu kafin haka wani ɗan Sukotlan, James Taylor, ya riga ya fara gwada shayi a gonar Loolecondera. A 1890 Thomas Lipton ya zo ya sayi gonaki, kuma sunansa ne har yau mai shayi a bakin titi yake nufi in ya tambaye ka ko a sa maka liftin. Masu tsinkar ganyen yawancinsu mata ne 'yan ƙabilar Tamil, jikokin waɗanda Turawa suka kwaso daga kudancin Indiya. Ganye biyu da toho ɗaya suke tsinka, da buhu rataye a ka, kuma sai sun kai awon da aka yanka musu kafin su sami cikakken kuɗin yini. Yaya ya daɗe yana kallon hannun wata tsohuwa, sannan ya ce da ni a hankali, “Ashe wannan nake yi wa ciniki kan naira hamsin.”

Daga Hatton bas ya kai ni ƙauyen Nallathanniya a gindin Dutsen Annabi Adamu. Yaya ya ce gwiwarsa ba ta hawan neman suna, ya zauna a masauki. Kafin tafiyar na tambayi malaminmu, ya ce labarin saukar Annabi Adamu a can yana cikin littattafan tarihi, amma ba hadisi ingantacce ba ne, in je in yi kallo, kada in ɗauke shi ziyarar ibada. Da wannan na tafi.

Tsayin dutsen mita 2,243 ne, matakalarsa kuma sun haura 5,000. Lokacin hawa daga Disamba ne zuwa Mayu, sa'ad da ake kunna fitilu tun daga ƙasa har ƙololuwa, shagunan shayi kuma suna buɗe duk dare. Na tashi ƙarfe biyu na dare don in riski fitowar rana. Da na ɗaga kai na ga jerin fitilun sun miƙe sama kamar carbi, na ce ai ga shi nan kusa. Hangen Dala ba shiga birni ba. Awar farko hira ce da waƙe-waƙen masu ziyara. A ta biyu matakalar suka tsuke suka miƙe, gumi ya jiƙa rigata, iska kuma ta mayar da shi ƙanƙara. Na zo da silifas da riga 'yar shara, don a tunanina ƙasar kwakwa ba ta san sanyi ba. A wani shago na sayi hular sanyi da tsadar da ba zan faɗa ba.

Abin da ya hana ni juyawa tsofaffi ne. Mata sanye da fararen kaya, wasu ba takalmi, jikoki na riƙe da su ta kowane gefe, suna taka ɗaya su huta su taka ɗaya. Wani magidanci ya wuce ni da jariri a kafaɗa. Ni da na fi su ƙarfi, ina zan ce na gaji? Na kuma tuna matafiyin nan Ibn Battuta, wanda ya hau dutsen nan a 1344 lokacin da babu siminti, sai sarƙoƙin ƙarfe da ake kamawa. Ya ce guda goma ne, ta goman ana kiranta sarƙar shahada, domin wanda ya kai wurin ya leƙa ƙasa sai ya yi kalmar shahada don tsoro. Shi ɗin ne dai bayan shekara tara ya biyo ta Takedda a ƙasar Nijar ta yau, har ya ambaci Gobir.

Kusa da ƙololuwa layi ya tsaya cik. Na yi rashin dabara na zo a ƙarshen mako, kuma daga baya aka gaya mini ranar cikar wata, wadda suke kira Poya kuma hutu ce a ƙasar kowane wata, ta fi haka muni. Fiye da awa guda muna matsawa taki-taki. Da alfijir ya keto na fita daga layin, na roƙi mai wani shago ruwa, na yi alwala da ruwan da ya sa yatsuna suka ƙage, na yi Asuba a kan kwali a bayan shagon. Ba wanda ya dube ni sau biyu.

A sama fili ne ɗan ƙarami, da ɗakin bauta a kan dutse inda sawun yake, tsawonsa ya kusa mita biyu. Mabiya Buddha sun ce nasa ne, 'yan Hindu sun ce na abin bautarsu Shiva ne, Musulmi da wasu Kiristoci sun ce na Adamu ne. Gaskiya ban ga wani abin kirki ba: an rufe shi da ƙyalle, mutane na zube furanni suna sunkuyawa, na bayanka na tura ka. Daƙiƙa biyar ba su cika ba na wuce. Abin da na hau dominsa ke nan tun daga Kano, kuma shi ne mafi ƙanƙanta a abin da na gani a daren.

Sai rana ta fito. Kowa ya juya gabas, ni ma haka, har wani saurayi ya ja hannuna ya kai ni ɗaya gefen. A can yamma inuwar dutsen ta kwanta a kan gajimare, mai kusurwa uku, daidai kamar an ja ta da rula, alhali dutsen kansa ba haka siffarsa take ba. Tana nan kamar minti ashirin tana janyewa zuwa gindinsa har ta ɓace. A gefena akwai ƙararrawa da kowane mai ziyara ke bugawa adadin hawan da ya taɓa yi. Ni ban taɓa ta ba, amma na tsaya na ƙirga wa wata tsohuwa: goma sha bakwai.

Saukowa ta fi hawa azaba, wannan ba wanda ya faɗa mini. Na iso masauki wajen ƙarfe goma sha ɗaya ina tafiya kamar sabon kaciya. Takardar wurare goma sha ɗayan nan a ranar ta mutu: ba mu ga damisar gandun dajin Yala ba, ba mu je gabar gabas ba. Kwana biyun ƙarshe a Galle muka yi su, cikin ganuwar da Turawan Fotugal suka fara, na Holan suka faɗaɗa bayan sun ƙwace garin a 1640. Yaya na yawon sayen kirfa, ni ina zaune a kan ganuwa kusa da farin masallacin da ke fuskantar hasumiyar jiragen ruwa, ina shan ruwan kwakwa. A masallacin nan a kan kujera na yi Azahar da La'asar, a sahun tsofaffi, don gwiwoyina sun ƙi lanƙwasuwa. Da muka fito Yaya ya dube ni ya ce, “To, ka ga sawun Baba Adamu?” Na ce masa na ga ƙyallen da aka rufe shi da shi.