Godiya Bayan Kare Kundina Kan Malcolm Bradbury

Alhamdu lillahi, a ranar Alhamis da ta gabata na kare kundin digirina na biyu a gaban malamai, bayan shekara biyu ina bin diddigin rayuwa da aikin marubucin nan ɗan Ingila, Malcolm Bradbury, wanda aka haifa a Sheffield a 1932, ya rasu a Norwich a 2000.

Godiyata ta farko tana ga malamin da ya duba aikin. Da na kai masa babi na farko, na cika shi da labarin yadda Bradbury da Angus Wilson suka buɗe kwas na koyar da rubutun ƙagaggun labarai a Jami'ar East Anglia a 1970, da yadda suka fara da ɗalibi ɗaya tak, Ian McEwan, wanda daga baya ya ci kyautar adabi ta Booker a 1998, da yadda Kazuo Ishiguro ma ya bi ta ajin, shi kuma ya karɓi kyautar Nobel a 2017. Malam ya dawo mini da takardun sun yi jawur da biro, ya rubuta a gefen shafi cewa na yi ta lissafa almajirai na bar malaminsu a tsaye bakin ƙofa. Ranar ban ji daɗi ba, amma gaskiyarsa ce, domin shaharar ɗaliban ta daɗe tana rufe littattafan Bradbury kansa. Malam ne ya mayar da ni ga littafin Bradbury mai suna The History Man na 1975, labarin Howard Kirk, malamin ilimin zamantakewa mai da'awar juyin juya hali alhali yana taka ɗalibai da abokan aiki don biyan bukatar kansa. Can na gane cewa mutumin da ya ba jami'a rayuwarsa shi ne kuma ya fi kowa iya yi mata shaguɓe. Allah ya saka wa Malam da alheri.

Ina godiya ga mai jarrabawa na waje, wanda ya tambaye ni ko rubutu abin koyarwa ne ko kuwa baiwa ce. Na amsa cewa aji ba ya ƙera marubuci, amma yana ba shi lokaci da masu karanta aikinsa ba sani ba sabo, kuma har yanzu ina kan wannan ra'ayi.

Ma'aikatan ɗakin karatu da abokan karatuna, na gode da haƙurinku.

Hajiya mahaifiyata ba ta taɓa jin sunan Bradbury ba kafin wannan aiki, amma duk sanda muka yi waya sai ta tambaye ni ko na gama da Baturen nan, sannan ta bi ni da addu'a. Hajiya, na gama da shi. Uwargida kuwa, wadda ta jure tarin takardu a kan teburin cin abinci tsawon watanni, ranar Asabar zan kwashe su in sha Allah.